A Raba Kawa da Kawa

Aikin farko da Gwaggo Hanne, ƙanwar babana, ta ba ni a kiwon kifi shi ne zama. Ta ajiye mini kujera 'yar tsuguno a bakin kwami, wato tankin simintin da tarwaɗa ke ciki, ta ce in kalli ruwa. Na ce, "Gwaggo, me zan gani?" Ta ce, "In kin gani kya faɗa mini." Kwana shida ina leƙen ruwa kamar wadda zobenta ya faɗa rijiya. A na bakwai na ce mata akwai wani guda da yake tsayawa a miƙe, kai sama, jela ƙasa, gashin baki a waje, kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ta ce, "To, yau kin kama aiki. Kifi mai lafiya ba ya tsayuwa. Tsamo shi."

Na fara da wannan ne saboda ku, 'yan matan unguwarmu ta nan Gumel da kuka gama sakandare bana, kuka zo mini ku biyar wai in koya muku. Kun ce ai kifi ba ya kuka, ba ya shiga gonar mutane, ba a kai shi kiwo, ruwa ne kawai da watsa abinci. Kun yi ta dariyar bahon ruwan gishirin da na girke a zaurenmu, har ɗayarku ta ce ko gidan ya koma asibiti ne. Shekarata tara a sana'ar nan, tun ina aji uku, amma abin da ya faru a bazarar da ta wuce ya sa har yanzu in aka yi sallama aka ce "ara mini," sai in tare ƙofa in fara tambayar me za a ara. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ku karanta. Wadda ta ga har yanzu tana so, ta dawo.

Aiki na biyu shi ne tantancewa. Tarwaɗa ba ta san zumunci ba. 'Ya'yan uwa ɗaya ne, ƙyanƙyasar rana ɗaya, amma kafin mako biyu sai ki ga wasu sun ninka sauran. Kada ki yi murna ki ce abinci ya karɓe su. 'Yan'uwansu suke ci. Don haka duk mako sai a juye su a baho, a ware manya daban, ƙanana daban. Abin da ake ɗibarsu da shi sunansa koma, 'yar raga ce mai zagayen baki da mariƙi, kamar matsamin ƙosai. Ku riƙe sunan nan da kyau, don duk labarin nan a kanta zai ƙare.

In sun girma kuma sai hannu. Tarwaɗa tana da ƙaya biyu a gefen wuya, kuma ta san amfaninsu. Ranar farko da ta soke ni a tsakanin babban yatsa da manuni, na yi tsalle ina yarfe hannu ina kiran sunan mamata. Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ya gaishe ki. Gobe ki kama shi ta bayan ƙayar, ba ta gaba ba. Ke ma in aka cafko ki ta hanci ai sai inda ƙarfinki ya ƙare."

Sai da na shekara uku ina wankin kwami da jan tiyo kafin ta bar ni na tsaya a wajen ƙyanƙyasa. Ana zaɓen uwa mai laushin ciki, a yi mata allura da asuba. Zuwa la'asar ƙwanta ya nuna. A naɗe ta a jiƙaƙƙen tawul, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya matsa cikin a hankali, ƙwan ya zubo a busasshiyar roba. Shi namijin ba ya bayarwa da lalama, sai an yanka shi an ciro abin da ake buƙata. Kullum in Gwaggo ta ɗauki wuƙa sai ta ce, "Allah ya jiƙan maza," da daddare kuma mu sha farfesu. Ana gauraya ƙwan da gashin kaza, ba da cokali ba, a baza a kan raga cikin ruwa mai ɗan gudu. Washegari ki leƙa ki ga wasu abubuwa suna motsi kamar waƙafi a littafin Hausa. Doka ɗaya Gwaggo ba ta wasa da ita: uwa ba a ɗaukarta da koma, don kada a murje mata ciki. Tawul ɗinta daban, bahonta daban.

Masu saye su ma wani karatun ne. Akwai Malam Ila, mai farfesu a Gagarawa Tasha, wanda bai taɓa ganin kifin da ya yi masa daidai ba. In babba ne ya ce ya fi ƙarfin faranti, in matsakaici ne ya ce zai ɓace a tukunya, sannan ya cika buhu ya ɗaure a babur yana mita. Akwai wata baiwar Allah daga Damagaram da muke haɗuwa a Maigatari ranar kasuwa, ita banda take saye. Za ta ɗauki mafi girma ta shinshina, ta ɓare, ta cinye tas da sunan ɗanɗani, ta suɗe yatsu, ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, hayaƙin ya yi kaɗan." Sannan ta kwashe duka. Akwai kuma wata amarya da ta dawo mini da kifi mai rai a bokiti, wai ta kasa yankawa, kallonta yake.

Shekara uku da suka wuce Gwaggo ta yaye ni. Gwiwa ta hana ta tsugunon ƙyanƙyasa, sai ta bar wa kanta kwami ɗaya na kiwo, ni kuma ta ba ni iyaye mata guda biyu, Gimbiya da Mai Tabo. Waɗannan ba kifin kasuwa ba ne. Jinin da ta yi shekaru tana zaɓa ne, duk ƙyanƙyasa ta ware mafi kyau, har aka zo kansu. Babu sauran irinsu a wajen kowa. Da su nake ƙyanƙyashe 'ya'yan da nake kiwo, da su nake ba sauran matan iri. In suka mutu, ni mai sayen 'ya'yan kifin wasu ce kawai, wahalar Gwaggo kuma ta bi kwata. Suna cikin wani ƙaramin tanki a bayan ɗakin mamata, ƙarƙashin darbejiya.

Mu shida ne mata masu wannan sana'a da muka san juna. Ni, da Gwaggo, da ƙawata Balki wadda muke tare tun firamare, da Hajiya Laure ta Ɗanzomo, da wasu biyu. Muna da al'ada, kuma ba mu muka ƙirƙiro ta ba, yadda aka tashe mu ne. In abu ya sami ɗaya, duk sai a je. Ba a zuwa hannu rabbana, kowa da komarta, a taya tsame matattu. In mai gida za ta zubar da ruwa ta wanke kwami, sai a raba sauran masu ran a kai ajiya gidajen 'yan'uwa. Ajiya ba a ƙin ta. Ni ma da tankina ya taɓa tsagewa, kifina sun yi mako a gidan su Balki, ko tambaya ba ta yi ba.

To, bana, da zafi ya kankama, Hajiya Laure ta sayi 'ya'yan kifi a wajen wani mai mota da ya biyo ta hanya, ta juye su kai tsaye cikin nata. Bayan kwana biyar ta bugo waya tana salati. Muka cika mota muka tafi jaje. Abin da na gani a can ban taɓa gani ba. Rabin kwami a tsaye. Wasu suna goga jikinsu a bango kamar akuya mai ƙaiƙayi, fatarsu ta yi toka-toka, yauƙi ya yi yawa. Muka yi aiki tuƙuru. Komata ce ta fi ta kowa dogon mariƙi, don haka ita ta fi shan hannu. Muka ci dambu, muka yi addu'a, kowa ta naɗe komarta a leda saboda kada ta jiƙa kujerar mota, muka dawo.

Mako bai cika ba na Balki suka tsaya. Muka tafi jaje. Bayan kwana huɗu nawa na kiwo, kwami biyu, suka tsaya. Aka zo mini jaje. Daga nan sai abin ya zama kamar zagayen suna, yau gidan wannan, jibi gidan waccan, kuma duk inda aka je da komai a leda ake zuwa. Magani kuwa babu wanda ba a kawo ba. Wata ta ce a matse shuwaka a ruwan. Wata ta ɓare kafso ta zuba. Hajiya Laure ta turara kwaminta da turaren wuta, ta ce ko ba komai sun mutu cikin ƙamshi. Malam Ila ya zo ya leƙa, karo na farko bai ce komai a kan girmansu ba, ya ja babur ya tafi. Ruwa mai lafiya guda ɗaya ya rage a duk gidajen shida: tankin Gimbiya da Mai Tabo.

Akwai wata jami'ar kiwon kifi, Malama Asabe, da take zagayo mu lokaci-lokaci. A lokacin an tura ta kwas can kudu, bakin teku. Da yake ni ce mai rubutu da karatu a ƙungiyar, na rubuta mata duk abin da muke gani. Ga amsar da ta turo, na kwafo ta yadda take, har yanzu tana wayata:

"Sa'ade na gane. Irinsa muke karantawa a nan a kan kawa. Daga kawa yake tashi ya kama kawa ta kusa da ita. Wadda ta mutu ta fi hadari. Abu na farko a raba kawa da kawa. Kar a yarda a hada su. Ina nan tafe."

Kun san yadda muke rubutu a waya. Ba mai sa ƙugiya a harafi. A rubuta kofa mu karanta ƙofa, a rubuta hadari mu gane ko na mota ne ko na ruwan sama. Ido ne yake sa ƙugiyar da kansa. Ni kuma, da na ci Hausa a jarrabawar fita har malaminmu ya yaba, ban taɓa jin wani abu a duniya wai shi kawa ba. Ƙawa na sani. Don haka na tsaya a tsakar gidan Gwaggo, a gaban kowa, na karanta da babbar murya: daga ƙawa yake tashi ya kama ƙawa.



Gwaggo ce ta fara magana. "Wadda ta mutu ta fi haɗari? Ni ƙawata da ta mutu Tabawa ce, Allah ya jiƙanta. Ita kuwa ko tana raye ƙarnin kifi ba ta so, me zai kawo ta kwami yanzu?"

Hajiya Laure ta ce, "Ni dai tawa tana aure a nesa, rabona da ita tun bikin autarta."

Ɗaya bayan ɗaya kowa ta wanke kanta. Sai idanu suka juyo. A duk ƙungiyar, mu biyu ne kawai aka sani da anko ɗaya, lalle ɗaya, tafiya ɗaya. Kuma kowa ya san na Balki ne suka fara tsayawa, sannan nawa.

Balki ta tuntsire da dariya ta dafa kafaɗata. "To ƙawas, tsakanin ni da ke wa ya kama wa?"

Babu wanda ya taya ta. Ni ma ban taya ta ba. Na zame kafaɗata a hankali, kuma ta ji.

Na kira Malama Asabe ya fi a ƙirga, waya ba ta shiga. Na zauna da saƙon nan kwana biyu ina juya shi. Mace mai ilimi, wadda aka tura har teku, ta ce a raba ƙawa da ƙawa. Me ta sani da ban sani ba? Na fara tuno abubuwa. Ranar da Balki ta leƙa kwamina ta ce "kai, sun yi kyau" ba ta ce tubarkalla ba. Ranar da ta yaba wani mayafina ya maƙale a ƙusa. Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan, amma in ban rubuta ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba.

Rana ta uku, da azahar, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, na ji sallama. Na leƙa zaure, ga Balki da bokiti a ka, ruwa yana zubo mata a wuya. Bayanta Gwaggo, tana ɗingishi da carbi a hannu.

Balki ta ce, "Ƙawas, kama mini. 'Yan ragowar ne, ba su fi ashirin ba. Zan zubar da ruwan in kankare kwamin. A sa mini su wajen su Gimbiya, kwana uku kawai."

Ban san lokacin da na buɗe hannuwa na tokare ƙofar zauren ba. Bakina yana motsi.

Ta sauke bokitin ta dube ni. "Sa'ade, addu'a kike tofa mini?"

"A'a."

"Na ga leɓenki."

Gwaggo ta matso. "Ke, matsa a shiga da kifi. Rana na dukansu."

Tun da aka haife ni ban taɓa cewa Gwaggo a'a ba. Matar da ta ce in kalli ruwa kwana shida na kalla. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ki dake ni in kin ga dama. Amma bokitin nan ba zai shiga ba."

"Tankin kifin da na ba ki da hannuna?"

"Shi ya sa, Gwaggo."

"Ajiya fa aka ce. A gidan wa aka koya miki ƙin ajiya?"

Sai na faɗi mafi muni. Na ce, "An ce a raba ƙawa da ƙawa."

A daidai nan wani daga cikin kifin ya yi tsalle ya fito daga bokitin, ya faɗo dab da ƙafata yana mutsu-mutsu. Na ƙwalla ƙara na haye turmin da ke jingine a zaure, turmin ya mirgina, na rungume ƙyaure. Amma ƙofar dai ban sake ta ba. Balki ta sunkuya ta kama kifin ta bayan ƙaya, yadda aka koya mana tare, ta mayar, ta ɗora bokitinta a ka ba tare da ta nemi taimako ba. Ta ce, "Sauko, kar ki karye. Mayyar ta tafi." Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta bi bayanta. A bahon wankin mamarta Balki ta zuba su. Uku ne suka rayu.

Kwana tara babu mai yi mini magana sai mamata, ita ma rabi faɗa ne. Ni kuma ina bakin tankin iyaye kamar ranar farko, ina jiran in ga wadda za ta tsaya.

Ran na goma Malama Asabe ta iso da wata jaka, aka taru gidan Gwaggo. Balki ta zauna can ƙarshen tabarma ta ba ni ƙeya. Na miƙa wa Malama wayata na ce, "Mun bi abin da kika ce. An raba mu."

"An raba wa?"

"Ni da ƙawata."

Ta karanta saƙonta, ta dube ni, ta dubi ƙeyar Balki, ta sake karantawa. Sai ta zauna daɓas a kan bokitin da ke kife, ta yi dariya har mayafinta ya zame. Da ƙyar ta iya cewa, "Kawa! Kawa, Sa'ade, ba ƙawa ba! Innalillahi. Dabba ce!"

Gwaggo ta ce, "Wace ce dabbar?"

Sai da ta sha ruwa ta yi mana bayani. Wai kawa wata halitta ce mai ɓawo biyu, 'yar'uwar dodon koɗi, ana kiwonta ana ci a inda ruwan kogi yake shiga teku ya gauraya da na gishiri. Ba ta tafiya ko'ina. A manne suke, wannan a kan wannan, abincinsu kuma zuƙar ruwa, su tace abin da ke ciki. In ƙwayar cuta ta shiga ɗaya, sai ta yi ta hayayyafa a cikin namanta. Ranar da ta mutu ɓawon ya buɗe, naman ya narke, ƙwayoyin su watsu a ruwa, ta kusa da ita ta zuƙa, tunda ba ta da ƙafar guduwa. Ruwan teku kuma kullum sai ya hauro ya koma, ya kwashi na nan ya kai can. In aka yi shekarar zafi, kogi ya ja baya, gishiri ya yi yawa, abin ya fi ƙamari. Ta ce amma duk da haka ruwa bai kai mutane ɓarna ba, don su ne suke ɗibar iri daga bakin wannan kogi su kai wancan, da cutar da komai.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Su ma ajiya suke kaiwa."

Malama ta ce ƙwayar da ta kama namu ba ita ce ta kawa ba, amma hanyar tafiyarsu ɗaya, shi ya sa ta kawo misalin, da sauri ta rubuta tana cikin kwalekwale. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da madubin likita mai nuna abin da ido ba ya gani, irin wanda muka taɓa gani sau ɗaya a makaranta ba a bari mun taɓa ba. Ta kankaro ɗan yauƙi daga jikin wani kifin Gwaggo, ta shafa a gilashi, ta daidaita, ta ce in leƙa.

Da ma ban leƙa ba. Faifai na gani. Faifai sak, zagayayye, da saƙarsa, sai dai a tsakiya yana da haƙora a jere kamar zarto, gefensa kuma gashi ne yana kaɗawa. Yana juyi. Ba ɗaya ba, ba goma ba, suna hawan juna, suna mannewa suna saki. A cikin ɗigon da bai kai hawaye ba. Na tuna sau nawa na tsoma hannuna har gwiwar hannu a ruwan nan, na fito na ɗauki ƙosai. Na ja baya na zauna a ƙasa. Malama ta ce ba ya kama mutum. Na ji ta. Jikina ne har yau bai ji ba.

Ta ce, "To, yanzu a bi sawu. Wa ya je jajen Ɗanzomo da koma?"

Duk muka ɗaga hannu, ban da Hajiya Laure da aka je wa.

"Wa ya shanya ta a rana ta bushe ƙayau kafin ya sa a nasa ruwan?"

Hannuwa suka sauka.

"A me kuka ɗauko su?"

Gwaggo ta ce, "A leda mana, don kar su jiƙa mota."

"Madalla. Kun biya musu kuɗin mota, kun kuma ba su inuwa. Daga nan na wa suka fara tsayawa?"

A nan Balki ta yi magana, karo na farko cikin kwana goma, amma ba da ni ba. Ta ce, "Gwaggo, a tambaye ta, ranar da muka dawo, da na ce tawa komar ta yage, wa ya zaro tasa daga leda tana ɗiga ya ce in yi tantancewa da ita kafin magariba?"

Gwaggo ta juyo. "An ce a tambaye ki."

Ni ce. Da hannuna na ba ta, har ina cewa ta riƙe zuwa gobe, ai ni da ita ba aro. Washegari ta dawo mini da ita, na sa a nawa. Saƙon da na karanta ba daidai ba ashe gaskiya ya faɗa. Daga ƙawa ya tashi. Ƙawar ce ban gane ba.

Muka ɗunguma gidanmu aka duba Gimbiya da Mai Tabo. Malama ta kankari yauƙinsu ta leƙa, ta sake, ta ce fes suke. Abin da ya tsare su dokar Gwaggo ce, koma ba ta taɓa shiga tankinsu ba. Malama ta ce, "Karatunki ya karkace, amma tsayuwarki a ƙofa ta yi daidai. Da bokitin nan ya shiga, da yau jajen iyaye muke." Gwaggo ba ta ce na kyauta ba. Ta ce dai, "Turmin ma kin fasa masa baki."

Abin da muke yi yanzu ke nan, kuma shi za ku yi. Kowane kwami da komarsa, in an gama a tsoma a ruwan gishiri a shanya a rana. Abin mamaki, gishirin da yake ƙara wa cutar kawa ƙarfi shi yake kashe namu faifan. Baƙon kifi, ko daga hannun wa ya fito, baho daban, mako biyu, ana kallonsa. Matacce rami ake masa, ba a jefa shi a kwata. Jaje kuma ana zuwa, ba mu daina ba, amma a zaure ake tsayawa, hannu a baya. Hajiya Laure ta ce wannan ba jaje ba ne, kallo ne. Har yanzu ana kai ruwa rana da ita.

Ni kuwa mamata ta gaji ta koma rufe tuwo da faranti, don in na ga faifai a kan kwano sai in kasa ci. Ina cikin magana da mutum sai in tashi in je in leƙa tanki. Ranar nan Mai Tabo ta ɗago kai don shaƙar iska, abin da tarwaɗa take yi kullum, na yar da tiren shinkafa.

Don haka wadda za ta dawo, ta zo ranar Asabar da safe. Ta wanke hannu a bahon da kuka yi wa dariya. Akwai kujera a bakin kwami. In akwai ƙawaye biyu a cikinku, kowace ta zo da komarta.

Da damina ta sauka na yi wa Gimbiya allura. Ƙwan ya yi kyau, waƙafi suka cika raga. Da suka kai girman yatsa, na zaɓi na farko, mafi kyau, na zuba a sabon bokiti, na ɗora a ka na nufi gidan su Balki, ina ta maimaita ban-haƙurin da na tsara. Ina yin sallama ta fito, ta buɗe hannuwa ta tokare ƙofar zaure, har da motsa leɓe. Na tsaya a rana na faɗi duk abin da na tsara, da wanda ban tsara ba. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta nuna mini bahon gishiri da ƙafa. Na wanke hannu. Ta karɓi bokitin, ta wuce kwaminta da ta kankare ya bushe yana jira, ta juye su a wani tsohon baho can gefen katanga.

Na ce, "Haba Balki, 'ya'yan Gimbiya ne fa. Malama da kanta ta duba."

Ta ce, "Mako biyu. Daga ƙawa suka zo."

Shekaranjiya muna zaune muna gyaran banda, ta ce in kira wayarta, ta ɓace mata a cikin buhuna. Da ta yi ƙara ni na tsinto ta, na ga yadda ta ajiye sunana. Kawa. Na ce ai tare muka je aka sa mana haruffa masu ƙugiya a wayoyinmu, gyarawa ba wuya.

Ta ce ta sani.